Tallafin Gwamnati Ga Masu Ƙirƙira A Yankuna: Abin Da Ke Hana Kuɗin Isa Inda Aka Nufa

A shekarar 2019 cibiyar bincike ta Brookings da ke Washington ta fitar da wani lissafi da ya ɗaga hankalin masu tsara manufofin tattalin arziki a Amurka. Lissafin ya nuna cewa tsakanin 2005 da 2017, sama da kashi 90 cikin 100 na ƙarin guraben aiki a masana'antun fasahar zamani na ƙasar sun taru ne a manyan birane biyar kacal, wato Boston, San Francisco, San Jose, Seattle da San Diego. Sauran ɗaruruwan biranen ƙasar suka raba ɗan abin da ya rage. Wannan hali bai tsaya ga Amurka ba, domin kusan duk ƙasar da aka duba za a tarar da birni ɗaya ko biyu sun kwashe masu ilimi da masu jari da sababbin kamfanoni, sauran yankuna kuma suna renon matasa suna ilimantar da su, daga ƙarshe su yi musu rakiya zuwa inda aiki yake. Daga wannan damuwa ce aka samu tsarin da gwamnatoci ke ware kuɗi su raba wa jami'o'i da ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin haɗin gwiwa na yanki, da fatan sabuwar fasaha da sabuwar sana'a su tsiro a wuraren da aka bari a baya.

Kafin a yi nisa ya kamata a bambance tallafi da sauran hanyoyin da gwamnati ke taimaka wa kasuwanci. Rance ana biyan sa da kuɗin ruwa, kuma mai bayarwa yana neman jingina. Sayen hannun jari yana sa mai kuɗi ya zama abokin tarayya a riba da asara. Rangwamen haraji galibi yana amfanar kamfanin da ya riga ya fara cin riba ne, tunda wanda bai samu komai ba babu harajin da za a yafe masa. Tallafi shi kaɗai ne kuɗin da ake bayarwa ba don a dawo da shi ba, kuma ba tare da an karɓi wani kaso na mallakar kamfanin ba, sai dai a ɗaure shi da sharuɗɗan aiki da rahoto. Saboda kuɗin jama'a ne ake miƙa wa wasu tsiraru, dole a samu ƙwaƙƙwaran dalilin yin haka.

Dalilin kuwa masana tattalin arziki sun daɗe da bayyana shi. Kenneth Arrow ya yi bayani tun 1962 cewa ilimi ba kamar sauran kaya ba ne, domin wanda ya kashe dukiyarsa ya gano wani abu ba ya iya killace amfanin gaba ɗaya. Ma'aikatansa za su koma wani kamfani da abin da suka koya, abokan hamayya za su kwance kayansa su ga yadda aka haɗa. Idan riba ta watsu ga jama'a amma asara ta tsaya kan mutum ɗaya, 'yan kasuwa za su zuba ƙasa da abin da ya kamata a bincike. Sai kuma matsalar banki. Mai son gina shago yana da fili da zai jinginar, amma mai sabuwar dabara abin da ya mallaka yana cikin kansa ne da kwamfutarsa, kuma babu bankin da ke karɓar tunani a matsayin jingina. Batun taruwa a wuri guda kuma Alfred Marshall ya lura da shi tun 1890, inda ya nuna cewa masu sana'a iri ɗaya suna cin moriyar zama kusa da juna ta fuskar ƙwararrun ma'aikata, da masu kawo musu kayan aiki, da sirrin sana'a da ke yawo daga baki zuwa baki. Ma'anar wannan ita ce yankin da ya fara gaba zai ci gaba da jan mutane, wanda ya makara kuma tazarar da ke gabansa ƙaruwa take yi kowace shekara, ko da mutanensa ba su gaza kowa basira ba.

A ɗauka ga wata injiniya a wani ƙaramin birni da ya rasa masana'antunsa, ta ƙera na'urar da ke gano inda bututun ruwa ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa ta hanyar sauraren sauti. Na'urar tana aiki a kan teburinta, da wayoyi a waje da batir ɗaure da salatif. Kamfanin ruwa ya ce yana sha'awa, amma ba zai saya ba sai ya ga an binne guda hamsin sun yi wata shida cikin laka da damina ba su lalace ba. Masu zuba jarin kasada, wato masu sa kuɗi a sababbin kamfanoni da sanin cewa yawancinsu za su mutu, sun ce ta dawo idan ta samu mai saye na farko. Banki ya tambayi takardar gida. Tsakanin teburin nan da na'urori hamsin ɗin akwai wani rami da yawancin ƙirƙire-ƙirƙire ke faɗawa su mutu, kuma kuɗin da ake buƙata a tsallake shi bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kasafin kowace gwamnati. A ganina wannan ramin shi ne ainihin wurin aikin tallafi, kuma duk lokacin da aka karkatar da shi zuwa wani wuri amfaninsa raguwa yake yi.

Binciken da aka yi ya goyi bayan wannan ra'ayi. Amurka ta kafa shirin SBIR a 1982, wanda ya wajabta wa manyan hukumomin gwamnati masu ba da kuɗin bincike su keɓe wani kaso, da ya kai kashi 3.2 cikin 100, domin ƙananan kamfanoni. Sabrina Howell ta nazarci masu neman wannan tallafi a ma'aikatar makamashi ta ƙasar, ta kwatanta kamfanonin da suka tsallake da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, tunda waɗannan rukunoni biyu kusan ɗaya suke a inganci. Sakamakon da ta wallafa a 2017 ya nuna cewa tallafin matakin farko, na dala 150,000, ya ɗaga damar kamfani ta samun jarin kasada daga kusan kashi 10 zuwa kashi 19 cikin 100, kuma ya ƙara masa takardun mallakar fasaha da kuɗin shiga. Abin da ya fi jan hankali shi ne tallafin mataki na biyu, wanda ya kai dala miliyan ɗaya, bai nuna wani tasiri mai auno ba. Fassararta ita ce ƙaramin kuɗin yana ba kamfani damar haɗa samfurin gwaji ya tabbatar da cewa dabarar tana aiki, kuma da zarar an tabbatar, masu jari sukan zo da kansu.

Irin wannan sakamako ya maimaitu a Turai. A yankin Emilia-Romagna na Italiya, masu binciken babban bankin ƙasar, Bronzini da Iachini, sun gano cewa ƙananan kamfanonin da suka samu tallafin bincike sun ƙara jarinsu da kusan daidai adadin da aka ba su, manyan kuwa ba su ƙara komai ba. A Birtaniya, Criscuolo da Van Reenen da abokan aikinsu sun duba tsohon shirin tallafa wa masana'antu a yankuna marasa ƙarfi, suka tarar ya ƙara guraben aiki, amma duk ƙarin ya fito ne daga ƙananan kamfanoni, manya sun karɓi kuɗin sun ci gaba da yin abin da dama suka yi niyya. Wannan shi ne ma'aunin da kowane shiri ya kamata ya fara da shi: shin aikin zai gudana ko da ba a ba da kuɗin ba? Idan zai gudana, gwamnati ta mai da ruwa rijiya ne kawai. Abin takaicin shi ne jami'in da ke tsoron a ce shirinsa ya gaza yana da kwaɗayin zaɓar kamfanin da tabbas zai yi nasara, wanda kuma shi ne mafi ƙarancin buƙatar taimako.

Zuwa nan batun tallafin kamfani ɗaya ɗaya ake yi. Idan aka shigo da kalmar yanki sai lamarin ya ƙara sarƙewa. Josh Lerner na jami'ar Harvard ya bi diddigin kamfanonin da suka ci tallafin SBIR a shekarun farko, ya wallafa a 1999 cewa sun fi takwarorinsu girma, amma fifikon ya bayyana ne a wuraren da dama akwai masu zuba jarin kasada. Wato injiniyar da muka ambata za ta iya haɗa na'urorinta hamsin da kuɗin gwamnati, su yi aiki yadda ake so, sannan ta duba hagu da dama ta rasa mai ɗora mata mataki na gaba, ta rasa lauyan da ya san dokar mallakar fasaha, ta rasa masana'antar da za ta ƙera mata dubu goma. Daga nan sai mai jari daga babban birni ya kira ta ya ce zai sa kuɗi idan ta komo kusa da shi. Yankin da aka yi niyyar raya shi ya biya kuɗin gwaji, wani wuri ya girbi kamfanin. Wannan ne ya sa gwamnatoci suka koma ba da tallafi ga haɗakar hukumomin yanki gaba ɗaya, jami'a da kwalejin fasaha da kamfanoni da ƙaramar hukuma, domin a gina dukan abin da sabon kamfani ke buƙata ya zauna.

Jamus ta gwada haka a 1995 da gasar BioRegio, inda yankuna 17 suka gabatar da tsare-tsaren bunƙasa fasahar halittu, aka zaɓi uku: Munich, Rhineland da Rhine-Neckar. Masu nazarin gasar sun yaba da wani abu da ba a saya da kuɗi, wato tilasta wa malaman jami'a da 'yan kasuwa da jami'an gwamnati na gari ɗaya zama a teburi guda, wasu a karon farko, har ma yankunan da suka faɗi sun fita da dangantakar da ta amfane su. Amma duba waɗanda suka ci: wurare ne da dama suke da manyan jami'o'i da cibiyoyin bincike. Gasa, bisa ɗabi'arta, mai ƙarfi take ba nasara. Daga baya, a 1999, Jamus ta buɗe wata gasar daban, InnoRegio, ta keɓe ta ga jihohin gabashin ƙasar kaɗai.

Masana uku, Oughton da Landabaso da Morgan, sun siffanta wannan sarƙaƙiya a 2002: yankunan da suka fi buƙatar kuɗin ƙirƙira su ne mafiya raunin iya neman sa da kashe shi. Wanda bai taɓa ganin takardar neman irin wannan tallafi ba zai yi wuya ya fahimci nauyin maganar. Sanarwa takan fito da wa'adin wata biyu ko uku. Ana neman bayanin aiki na shafuka masu yawa, da kasafin kuɗi layi layi na shekaru da dama, da wasiƙun alƙawari daga kowane abokin haɗin gwiwa, da shaidar binciken asusu na shekarun baya, da rajista a shafukan intanet na gwamnati da kan ɗauki makonni kafin a amince. Babbar jami'a tana da ofishi guda mai ma'aikata da ba su da wani aiki sai rubuta waɗannan takardu, kuma sun san kalmomin da alƙalai ke son gani. A ƙaramin gari kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da ofishin raya tattalin arziki, shi ne mai amsa waya, shi ne mai rubuta wasiƙa, kuma ya samu labarin sanarwar ne bayan mako uku da fitarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar tafiyar ce ake ce masa ya fafe.

Sai sharaɗin kason mai nema. Yawancin shirye-shirye suna buƙatar wanda ya ci tallafi ya kawo wani kaso daga aljihunsa ko daga wasu masu taimako, wani lokacin har daidai da abin da gwamnati za ta bayar. Hikimar sharaɗin a fili take, domin wanda ya sa dukiyarsa ba ya wasa da aiki, kuma samun wani ya yarda ya zuba kuɗi alama ce cewa ana buƙatar abin. Sai dai yankin da ke da attajirai da gidauniyoyi da manyan kamfanoni zai tara kasonsa da kiran waya kaɗan, wanda ba shi da su kuma an rufe masa ƙofa tun kafin a karanta dabararsa. Tarayyar Turai, wadda ta kafa asusunta na raya yankuna a 1975, ta rage wannan zalunci ta hanyar bambanta kason: a zagayen 2021 zuwa 2027 tana iya biyan har kashi 85 cikin 100 na kuɗin aiki a yankunan da arzikin kowane mutum bai kai kashi 75 cikin 100 na matsakaicin Tarayyar ba, a yankuna masu arziki kuma kashi 40. Wannan gyara ne mai sauƙi da kowace gwamnati za ta iya kwaikwaya.

Akwai wani sharaɗin da ba a cika tattauna shi ba alhali yana kashe ƙananan kamfanoni a ɓoye, shi ne tsarin kashe naka a biya ka daga baya. Kamfani zai sayi kayan aiki, ya biya albashi, ya tara rasit, ya aika, sannan ya jira wata uku ko shida kafin kuɗi su shigo. Ga babban kamfani wannan lissafi ne na akawu kawai. Ga mai ma'aikata huɗu kuwa, yana nufin ya ci bashi domin ya kashe kuɗin da aka ce an ba shi kyauta, kuma idan aka ƙi amincewa da wani rasit saboda kuskuren cika takarda, asarar a kansa take. Na san dalilin masu binciken asusu, kuma dalili ne na gaskiya, tunda kuɗin da aka bayar tun farko sukan salwanta. Amma akwai matsakaiciyar hanya, wato a biya kashi kashi, kowane kashi bayan an ga cikar wani mataki na aiki da ido.

Haka aka yi a gasar YouWiN ta Najeriya da aka fara a 2011, wadda ta zama ɗaya daga cikin shirye-shiryen da aka fi auna tasirinsu a duniya. Kimanin mutum 24,000 suka nema, aka ba 1,200 tallafin da matsakaicinsa ya kai kusan dala 50,000, ana biya kashi kashi. Abin da ya bambanta ta shi ne an zaɓi 729 daga cikin masu nasarar ta hanyar ƙuri'a a tsakanin waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe, abin da ya ba David McKenzie na Bankin Duniya damar kwatanta su da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba. Bayan shekara uku, damar kamfani ya ɗauki ma'aikata goma ko fiye ta ƙaru da sama da maki 20 cikin 100 ga waɗanda suka samu kuɗin. Wani binciken da ya biyo baya a kan bayanan gasar ya gano abin da bai yi wa alƙalai daɗi ba: makin da suka ba tsare-tsaren kasuwancin bai iya hasashen wanda zai bunƙasa ba. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne ƙwararru suna iya tace takardun da ba su da kan gado, amma da zarar an rage masu cancanta, bambance na ɗaya da na goma kusan caca ce. Ƙuri'a a wannan mataki tana rage kamun ƙafa, tana rage fifikon masu iya tsara zance, kuma tana ba gwamnati hanyar sanin ko kuɗinta sun yi aiki. Hukumar binciken lafiya ta New Zealand da gidauniyar kimiyya ta Switzerland duk sun yi amfani da ƙuri'a a wasu tallafinsu. 'Yan siyasa ba sa son ta saboda tana kama da sakaci, amma ni ina ganin ta fi gaskiya a kan nuna cewa an san abin da ba a sani ba.

Wata cutar da ke bin waɗannan shirye-shirye ita ce son gini. Gini yana da ranar aza harsashi da ranar yanke ƙyalle, ana ɗaukar hotonsa, kuma yana kammaluwa kafin zaɓe. Italiya ta kafa asusun raya kudancinta a 1950, ya yi aiki har 1984, ya gina hanyoyi da madatsun ruwa masu amfani, amma daga baya ya koma dasa manyan masana'antu irin na ƙarfe da sinadarai a wuraren da babu ƙananan kamfanonin da za su jingina da su, har Italiyawa suka riƙa kiran su majami'u a hamada. Salon zamani na wannan kuskure shi ne cibiyar ƙirƙira mai bangon gilashi da kujeru masu launi da intanet mai sauri, wadda bayan shekara biyu ake ba da hayar ɗakunanta ga duk wanda ya zo. Gini yana da amfani idan ya ƙunshi abin da ƙaramin kamfani ba zai iya saya shi kaɗai ba, kamar ɗakin gwaje-gwaje ko na'urar auna inganci mai tsada, tare da ma'aikacin da ya iya sarrafa ta kuma aka tanadi albashinsa na shekaru. Albashin nan shi ne abin da kasafin tallafi ya fi mantawa da shi.

Kusa da son gini akwai son kwaikwayo. Kowane zamani yana da fasahar da ake yayi, sai a ga yankuna hamsin kowanne ya rubuta cewa shi ne zai zama cibiyarta. Tarayyar Turai ta yi ƙoƙarin magance wannan da manufar ƙwarewa mai hikima, wadda Dominique Foray na cikin masu tsara ta, kuma daga 2014 ta zama sharaɗin karɓar kuɗin ƙirƙira daga asusun yankuna. Manufar ta ce kowane yanki ya zauna da 'yan kasuwarsa ya gano inda ƙarfinsa yake, ya zaɓi fannoni kaɗan masu alaƙa da abin da hannun mutanensa ya riga ya saba. Garin da ya shafe shekara ɗari yana saƙa yana da masu fahimtar zare da injin saƙa, don haka ya fi kusa da ƙera yadin da ake amfani da shi a asibiti ko a jikin mota fiye da ƙera manhajar waya. Ba duk yankunan suka bi manufar da gaske ba, wasu sun jera fannoni da yawa don kada a ɓata wa kowa rai, amma asalin tunanin daidai ne.

Lokaci shi ne abin da ya fi wahalar samu daga gwamnati. Taiwan ta kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu ta ITRI a 1973, ta tura matasan injiniyoyi kamfanin RCA na Amurka a 1976 su koyi ƙera ƙananan sassan lantarki, ta buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu a 1980, sannan kamfanin TSMC mai ƙera irin waɗannan sassa ya fito a 1987 ƙarƙashin Morris Chang. Shekara goma sha huɗu ke nan daga shuka zuwa fitowar kamfanin, kuma ya ɗauki wasu shekarun kafin ya zama abin da duniya ta dogara da shi. Dandalin bincike na Research Triangle a jihar North Carolina ta Amurka an kafa shi a 1959, ya yi shekaru yana jan ƙafa kafin kamfanin kwamfuta na IBM ya iso a 1965. Da an auna ɗayansu da ma'aunin tallafin shekara uku, da an rubuta cewa ya gaza. Yawancin tallafi kuwa shekara biyu zuwa biyar ne, ana cinye ta farko wajen ɗaukar ma'aikata, ta ƙarshe kuma wajen neman wani tallafin, kuma ƙwararren da ya ga kwantiraginsa na gab da ƙarewa ba ya jiran ranar. Hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta yi la'akari da haka a shirinta na yankuna da ta sanar da rukunin farko na goma a Janairun 2024, inda kowanne ya fara da dala miliyan 15 tare da yiwuwar kaiwa miliyan 160 cikin shekara goma idan ya cika sharuɗɗa. Tsarin yana da kyau a takarda, sai dai ya dogara ne ga majalisar da ke sabunta kasafi kowace shekara.

Tazarar da ke tsakanin alƙawari da abin da ke shiga asusu ta bayyana ƙarara a shirin cibiyoyin fasaha na yankuna da dokar CHIPS ta 2022 ta kafa a Amurka. Dokar ta ba da izinin kashe dala biliyan 10, amma abin da majalisa ta ware da farko miliyan 500 ne. Kusan haɗaka 400 suka nema, aka ayyana 31 a Oktoban 2023, sannan a Yulin 2024 aka raba dala miliyan 504 ga 12 daga cikinsu. Sauran 19 sun fita daga wannan zagaye da suna ba tare da kuɗin aiwatarwa ba, ɗaruruwan da suka faɗi tun farko kuma sun kashe watanni na lokacin ma'aikatansu. Wannan wahalar ta masu faɗuwa ba ta shiga lissafin kowane shiri, alhali a kan ƙananan hukumomi ta fi nauyi. Ana iya rage ta idan aka fara da gajeriyar takarda ta shafi biyu ko uku, aka tace, sannan aka ba waɗanda suka wuce ɗan kuɗin shiri domin su rubuta cikakken tsari.

Game da auna nasara, abin da aka saba ƙirgawa shi ne yawan tarurrukan da aka yi, da mutanen da aka horar, da guraben aikin da mai karɓar tallafin da kansa ya ce ya samar. Waɗannan alƙaluma suna nuna cewa an kashe kuɗi, ba sa nuna abin da kuɗin suka canza. Wani lokacin ma aikin da aka ƙirga a wannan gari daga maƙwabcinsa aka ɗauko shi, ƙasa ba ta ƙaru da komai ba. Akwai kuma kamfanonin da suka mai da neman tallafi sana'a, suna ci a kai a kai ba tare da sun taɓa kai kaya kasuwa ba, matsalar da ta sa majalisar Amurka ta tsaurara sharuɗɗa kan masu yawan cin SBIR lokacin da ta sabunta shirin a 2022. Gwamnatin da ke son sanin gaskiya sai ta adana bayanan waɗanda suka nema suka faɗi, ta bi su tare da waɗanda suka ci har shekara biyar ko goma, ta kuma yarda tun farko cewa da yawa daga cikin ayyukan da ta tallafa za su mutu, domin shirin da duk ayyukansa suka yi nasara ya zaɓi waɗanda ba sa buƙatarsa ne.

Idan aka koma ga injiniyar nan da na'urorinta hamsin, ranar da tallafinta ya ƙare abin da zai riƙe ta a garinta shi ne mai saye. Sau da yawa babban mai sayen da ke yankin ita ce gwamnatin da ta ba da tallafin, ta hanyar hukumar ruwanta da asibitocinta da makarantunta. Amma dokokin sayen kayan gwamnati sukan buƙaci kamfani ya nuna shekaru na gogewa da manyan kwangilolin da ya taɓa kammalawa, sharaɗin da babu sabon kamfanin da zai cika. Sai a wayi gari ofishi ɗaya ya biya kuɗin ƙera na'urar, ofishin da ke kusa da shi kuma doka ta hana shi sayen ta. Shirin SBIR ya tanadi mafita ga wannan, inda ya ba hukumomi izinin ba kamfanin da ya ci matakan farko kwangila kai tsaye ba tare da sabuwar gasa ba, tunda ya riga ya yi gasa a baya. Ƙaramar kwangila ta binne na'urori ɗari biyar a unguwa ɗaya za ta ba ta kuɗin shiga, da shaidar da za ta nuna wa gari na gaba, da dalilin ɗaukar masu haɗa na'ura daga kwalejin fasahar da ke kusa da ita.